Littafin aiki: tafintan injin Z na Infocom a cikin kilobayit 32

Asabar, 10 ga Janairu 2026

Aikin shi ne rubuta tafinta, wato manhajar da ke karanta fayil ɗin wasa ta gudanar da shi, da harshen C, domin wasannin kamfanin Infocom na siga ta 3 ta injin Z. Za a fara gwada shi a laftof, daga baya a mayar da shi kan ƙaramin allon Raspberry Pi Pico, a ƙuntata masa ƙwaƙwalwa zuwa kilobayit 32, daidai da kwamfutar gida TRS-80 da aka fara sayar wa wasan Zork I a ƙarshen 1980. Pico na da kilobayit 264, wasan zai shige ciki har wuri ya ragu, amma in aka yi haka an kauce wa ainihin matsalar da ta haifi kamfanin.

Matsalar ita ce wannan. Tsakanin 1977 da 1979 Tim Anderson, Marc Blank, Bruce Daniels da Dave Lebling suka rubuta Zork a jami'ar MIT da ke Cambridge, jihar Massachusetts a Amurka, da harshen MDL, a kan babbar kwamfuta PDP-10. Wasa ne na rubutu zalla: kwamfuta ta bayyana maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi. Girmansa ya kai kusan megabayit guda. Da aka kafa Infocom ranar 22 ga Yunin 1979, kwamfutocin gida ba su da ko kashi ɗaya cikin ashirin na wannan, kuma kowace da nata yaren. Joel Berez da Marc Blank suka ƙirƙiro kwamfutar da babu ita a zahiri, suka sa mata suna injin Z. A rubuta wasa sau ɗaya domin wannan inji, sannan kowace kwamfuta ta gaske a yi mata ɗan tafinta. Scott Cutler ya rubuta na TRS-80, Bruce Daniels ya rubuta na Apple II. Duk da haka sai da aka yanka Zork gida uku.

Fayilolin gwaji: Zork I da Deadline daga tarin The Lost Treasures of Infocom na 1991. Lambar tushe ta Zork I, wadda Microsoft ya saki ƙarƙashin lasisin MIT a Nuwamban 2025, tana gefe domin duba abin da wasan ke nufin yi idan tafinta ya rikice.

Talata, 13 ga Janairu

An karanta goshin fayil, bayit 64 na farko. Bayit na 0 siga ce, 3. Daga 0x02 lambar fitarwa, 88. A 0x12 akwai haruffa shida: 840726, wato 26 ga Yulin 1984, ranar da aka harhaɗa fayil ɗin. Duk mai son jera tarihin Infocom bisa kwanan wata ya fara da waɗannan haruffa shida, sun fi abin da aka buga a kwali gaskiya. Wasu tsofaffin fayiloli, irin na siga ta 1 da ta 2, na ɗauke da wasu haruffa da ba kwanan wata ba.

Kuskure biyu a yau. Na farko, injin Z yana sa babban bayit a gaba, laftof da Pico kuwa ƙarami suke sawa a gaba, don haka duk kalmar bit 16 sai an haɗa ta da hannu. Na biyu, tsawon fayil da ke 0x1A rabi ne, sai an ninka shi biyu. Kafin a gyara, jimillar tantancewa ta ƙi dacewa da wadda ke 0x1C. Ana tara bayit ne daga 0x40 zuwa ƙarshen tsawon, a riƙe bit 16 na ƙasa.

Wannan ninkin biyu shi ne katangar siga ta 3: adireshi mai bit 16 ya kai 65,536, a ninka biyu, kilobayit 128. Ba wasan siga ta 3 da ya wuce nan.

Asabar, 17 ga Janairu

Rubutu. Nan ne hikimar take, kuma nan ne aka fi ɓata lokaci.

Ba a ajiye harafi a bayit guda. Kowane harafi bit 5 ne, ana cusa uku a kalma ɗaya mai bit 16, bit ɗin da ya ragu a sama shi ke nuna ƙarshen jimla. Bit 5 lamba 32 kawai yake bayarwa, shi ya sa aka yi jeri uku: ƙananan haruffa, manyan haruffa, sai lambobi da alamomin rubutu. Lamba 0 tazara ce. Lamba 4 tana tura harafi ɗaya mai zuwa jeri na biyu, lamba 5 jeri na uku. Lamba 1, 2 da 3 kuwa ƙofar gajarce-gajarce ce, guda 96, guntayen kalmomin da suka fi yawan maimaituwa a wasan, an ajiye kowanne sau ɗaya a teburin da adireshinsa ke 0x18.

Abin da ya faru: sunayen ɗakuna suka fito daidai, amma dogon bayani ya fito da tarkace a tsakiyar jimla. An shafe kusan awa uku ana zargin jerin haruffa na uku. Ashe teburin gajarce-gajarce ne: adireshin da ke cikinsa ma na kalma ne, sai an ninka biyu. Bayan wannan sai wani ya ɓullo. Idan lambar gajarcewa ta faɗo a harafi na uku na kalma, abokin tafiyarta yana farkon kalma ta gaba, kuma tafinta yana manta halin da yake ciki duk sanda ya ɗauko sabuwar kalma. Maganin shi ne a fara warware haruffan duka a jere, sannan a fassara su, kada a fassara kalma-kalma.

Da yamma bayanin farko ya fito tsaf: fili a yammacin wani farin gida, ƙofar gaba an kafe ta da katako, ga ɗan akwatin wasiƙa.

Lahadi, 18 ga Janairu

Teburin abubuwa. Kalmomi 31 na siffofin asali, sannan kowane abu bayit 9: huɗu na alamomi 32 masu e ko a'a, ɗaya na uwa, ɗaya na ɗan'uwa, ɗaya na ɗa, biyu na adireshin siffofinsa. Ɗaki abu ne, fitila abu ce, ɗan wasan kansa abu ne. Shiga ɗaki na nufin ɗakin ya zama uwarka. Da yake lambar abu bayit guda ce, iyaka 255, kuma Zork I ya kusa cike ta.

Asabar, 24 ga Janairu

Mako guda ba a rubuta komai a nan ba saboda ana kan umarnin injin. An gama duk na siga ta 3 ban da ajiyewa da dawowa. Wasan ya tashi, ya nemi a rubuta masa umarni, sannan ya faɗi. Kura-kurai huɗu ne suka fi cin lokaci.

Tsallen reshe. Idan bit na 6 na bayit ɗin reshe a kunne yake, tazarar gajeriya ce, bit 6, kullum gaba. In ba haka ba tazarar bit 14 ce kuma tana iya zama ƙasa da sifili, wato komawa baya. Ba a faɗaɗa alamar ragin zuwa bit 16 ba, sai duk madaukin da ya kamata ya koma baya ya yi tsalle dubban bayit gaba, ya faɗa tsakiyar rubutu yana ƙoƙarin aiwatar da shi. Sannan tazarar 0 da 1 ba tsalle ba ne, suna nufin a fita daga sashen aikin da amsar a'a ko e.

Umarnin je, mai gwada daidaito. A doguwar siffarsa abu biyu yake ɗauka, amma a siffa mai sauyawa yana ɗaukar har huɗu, ya gwada na farko da sauran ukun. An rubuta shi da biyu kawai. Wasan bai faɗi ba, wanda ya fi muni: ya ci gaba da tafiya amma yana ƙin gane wasu umarni ba tare da dalili ba. Lambar tushe ce ta tona asiri, mai warware jimlar Zork ya dogara da wannan gwaji mai yawa ko'ina.

Lambobi masu ragi. Umarnin jl da jg masu gwada ƙanƙanta da girma, rabawa da saura duk suna kallon bit 16 a matsayin lamba mai alama. Adireshi kuwa ba shi da alama. A C sai an bayyana kowanne a fili.

Na huɗu ƙarami ne: kiran adireshi 0 ba laifi ba ne, amsar a'a kawai yake dawo da ita, kuma wasan na yin haka da gangan.

Laraba, 28 ga Janairu

Karɓar rubutu da ƙamus. Tafinta ne ke mayar da haruffa ƙanana, ya yanka jimla kalma-kalma, ya nemo kowace a ƙamus, ya rubuta bayit huɗu a kanta: adireshinta, tsawonta, da inda ta fara. Fahimtar jimlar kuma aikin wasan ne. Ƙamus ɗin haruffa shida kawai yake riƙewa na kowace kalma, in ba ta kai ba a cike da lamba 5. An fara cikewa da 0, sai duk gajerun kalmomi suka ɓace.

Yanzu ana iya rubuta cikakkiyar jimla, a ce a ɗauki komai ban da abu kaza, ko a sa kaza cikin kaza, wasan ya gane. A nan Infocom ya sha gaban kowa. Adventureland na Scott Adams, wanda ya fito a 1978 a kaset kuma ya shige kilobayit 16, kalma biyu yake ɗauka, aikatau da suna. Shi ma gwaninta ce ga wannan ƙuncin, amma Adams ya zaɓi wasa ya zauna gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa, Infocom kuwa ya zaɓi dogaro da faifai, ya haƙura da duk mai kaset.

Asabar, 31 ga Janairu

Kayan aiki sun iso. Pico ɗaya, naira 13,500. Ƙaramin allon katin SD, 2,500. Kati mai gigabayit 8, 5,000. Allon gwaji mai ramuka da wayoyi, 4,000. Jimilla 25,000, ban da kuɗin aike.

Haɗin allon SD da Pico a kan hanyar sadarwa ta SPI0: GP16 zuwa MISO, GP17 zuwa CS, GP18 zuwa SCK, GP19 zuwa MOSI. Katin ya ƙi amsa CMD0, umarnin farko na tayar da shi. An sauke gudun agogo zuwa kilohaz 400 kamar yadda ake buƙata wajen tayar da kati, shiru. Da aka ɗora mita a ƙafar katin sai ga wuta ba ta kai bolt 2.5 ba. Allon SD ɗin irin mai nasa abin rage wuta ne, bolt 5 yake so, an kuma ba shi 3.3 daga Pico, ya sake ragewa. An mayar da wayar zuwa VBUS, ƙafa ta 40 mai ba da bolt 5 daga USB, katin ya amsa nan take.

Lahadi, 1 ga Fabrairu

FatFs, manhajar karanta fayiloli a katin SD, ya hau. Rubutu na fita ta USB zuwa laftof. Ba wani abu.

Asabar, 7 ga Fabrairu

Shafi-shafi, zuciyar aikin.

Fayil ɗin Zork I ya ɗan haura kilobayit 80, kuma kashi uku ne. Na farko shi ne wanda wasa ke iya canzawa, abubuwa da ma'ajiyoyin gama-gari 240, bai kai kilobayit 12 ba, dole ya zauna a ƙwaƙwalwa. Na biyu teburori da ƙamus, ba sa canzawa amma ana taɓa su a kowane umarni. Su biyun sun kai wajen kilobayit 20. Duk sauran, umarnin wasa da rubutunsa, yana kan faifai, ana ɗebo shi guntu-guntu idan an buƙata. Dabarar manyan kwamfutoci ce mutanen MIT suka sauko da ita kwamfutar gida.

An zaɓi shafi mai bayit 512 saboda shi ne girman tubalin katin SD. Daga 32 an cire 20, saura 12, gurbi 24 ke nan. Amma kwamfuta ta gaske sai ta ba tafinta da tarinsa wuri a cikin wannan 32 ɗin, don haka an rage zuwa gurbi 8. An kuma ƙara jinkirin milisakan 200 ga kowace ɗebowa domin a ji nauyin faifai mai juyawa.

Abu biyu suka lalace. Umarni ɗaya na iya farawa a ƙarshen shafi ya ƙare a farkon na gaba, kuma tafinta yana riƙe da manuni kai tsaye zuwa cikin gurbin. Sai ya zarce ya karanta gurbin maƙwabci, wanda ke ɗauke da wani shafi dabam. Ya fi wahalar kamawa saboda ba kullum yake faruwa ba, ya danganta da wane shafi ya riga wane shigowa. Yanzu kowane bayit na bi ta ƙofa ɗaya mai duba iyakar shafi. Na biyu, tsarin korar shafin da ya fi daɗewa da shigowa yana korar shafukan mai warware jimla, alhali su ake nema a kowane umarni. An koma korar wanda ya fi daɗewa ba a taɓa shi ba, jira ya ragu sosai.

Da gurbi 8 da jinkirin, shiga sabon ɗaki na sa a ɗan dakata, sake duba ɗakin da ake ciki kuwa nan take ne. Wanda ya zauna gaban wannan dakatawar zai gane dalilin da bayanin ɗakunan Zork ke da gajarta da kaifi: kowace jimla tana da farashi a faifai da kuma a lokacin mai wasa.

Laraba, 11 ga Fabrairu

Ajiyewa da dawowa, bisa Quetzal, tsarin fayil ɗin ajiya na wasannin injin Z: a gwama ƙwaƙwalwar yanzu da ta asali ta XOR, a matse jerin sifili. Ajiya biyu suka dawo a gurɓace. Ba tafinta ba ne. An gwada katin a laftof ta hanyar cike shi da karanta shi, ashe na jabu ne, girman da yake faɗa ya fi na gaskiya. An sayi wani, naira 7,500. Jimillar kashewa ta zama 32,500. Duk katin da za a yi aiki da shi a gwada shi kafin a ɗora masa komai.

An kuma gyara umarnin tantance fayil, wanda ke tara ƙwaƙwalwar da wasa ya riga ya canza maimakon fayil na asali.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Deadline na Marc Blank, 1982. Ya tashi ba tare da canza komai a tafinta ba sai layin sama, mai nuna sunan ɗaki da maki ko lokaci. A siga ta 3 tafinta ne ke zana wannan layi daga ma'ajiyoyin gama-gari uku na farko. Bit na 1 a bayit na 0x01 ke faɗin ko maki da yawan motsi za a nuna, ko agogo. Deadline agogo ne, mai bincike na da awa goma sha biyu ya gano wanda ya yi kisa.

Wannan sauƙin shi ne jarin kamfanin. Personal Software, masu sayar da manhajar lissafi VisiCalc, su suka fara rarraba Zork I, da hoton wani jarumi mai takobi a kwali wanda bai yi kama da wasan ba. A 1981 Infocom ya karɓi sayar da kayansa da kansa. Daga nan sabon wasa na fita a kan kwamfutoci iri-iri kusan lokaci guda, sabuwar kwamfuta kuma da an yi mata tafinta ta sami dukan wasannin baya. Masu gasa da su sai sun sake rubuta kowane wasa.

Deadline ba ya wasuwa sosai sai da takardun cikin kwalinsa: rahoton ɗakin gwaji, bayanan da 'yan sanda suka ɗauka daga bakin mutanen gidan, hoton wurin da abin ya faru, har da 'yan ƙwayoyi a leda. Rashin wuri a faifai ne ya fitar da su waje, daga baya suka zama alamar kamfanin kuma suka rage satar kwafi, tunda faifai ake kwafa ba takarda ba.

Asabar, 21 ga Fabrairu

An shiga azumi, aiki ya koma bayan asuba, awa ɗaya zuwa biyu. An buga Zork I har aka wuce rabin maki 350 ba tare da tafinta ya faɗi ba. Domin maimaita gwaji an kafe lambar sa'a, in ba haka ba ɓarawon cikin wasan na ɓullowa a wuri dabam kowane zagaye.

A wannan makon an karanta yadda kamfanin ya ƙare, kuma bayan an rubuta tafinta da hannu labarin ya fi fitowa fili. Tun farko wasu daga cikin waɗanda suka kafa shi, musamman Al Vezza, manhajar kasuwanci suke hange. A 1985 aka fitar da Cornerstone, manhajar adana bayanai, a kan dala 495, ita ma a kan injin da babu shi a zahiri. Abin da ya yi wa wasa rana shi ya kayar da ita. Wasan rubutu na jiran mutum ya yi tunani, jinkirin tafinta ba ya damun kowa. Manhajar bayanai kuwa dubban layuka take juyawa, jinkirin ya fito ƙarara. Amfanin gudana a kwamfutoci iri-iri ma ya tafi, domin ofisoshi sun riga sun koma IBM PC. Kuɗin wasanni ya tafi a wannan aiki, aka sallami ma'aikata, Activision ya sayi kamfanin a 1986, aka rufe ofishin Cambridge a 1989. Abin takaici ne, domin a waɗannan shekarun ne suka fasa katangar kilobayit 128 da siga ta 4 mai kilobayit 256, suka fitar da A Mind Forever Voyaging na Steve Meretzky a 1985 da Trinity na Brian Moriarty a 1986, waɗanda a ganina sun fi duk abin da suka yi a baya zurfi.

Asabar, 28 ga Fabrairu

Gwajin Hausa a takarda, kafin a taɓa lamba.

Yankan haruffa shida na da wata fa'ida da ba a zata ba. "Fitila" da "fitilar" kalma ɗaya ce a ƙamus ɗin, haka "takobi" da "takobin". Gajerun kalmomi kuwa sai an shigar da kowace siffa dabam. Matsalar tana ga haruffa masu ƙugiya. A siga ta 3 duk harafin da ba ya cikin jeri ukun yana cin gurbi huɗu: lamba 5, lamba 6, da biyu na lambarsa. Ƙ ta cinye huɗu cikin shida, saura biyu, don haka "ƙofa" ta tsaya a ƙof, "ƙarfe" da "ƙarya" suka zama abu ɗaya. Alamar ɗauri ma gurbi biyu take ci.

Siga ta 5 ce mafita. Ƙamus ɗinta na riƙe gurbi tara, kuma 0x34 na ba wasa damar kawo nasa jerin haruffa. Infocom da kansa ya fara fassara Zork I zuwa Jamusanci a wannan siga, bai kai ga fitarwa ba. Boko ba ya amfani da q, v da x, don haka ɓ, ɗ da ƙ za su zauna a gurabensu, kowanne ya ci gurbi ɗaya, ƴ ta rubutun Nijar kuma ta karɓi na p. Ana buƙatar teburin Unicode, wanda ba Infocom ya yi ba, ƙari ne daga ƙa'idar injin Z da Graham Nelson ya tattara daga baya: U+0253, U+0257, U+0199 da U+01B4, da manyansu.

Mataki na gaba: ɗaga tafinta zuwa siga ta 5. Abu zai koma bayit 14 da alamomi 48, adireshin da aka matse a ninka shi huɗu, goshin sashen aiki babu ƙimar farko, layin sama kuma wasa ne zai zana da kansa. Bayan haka ɗaki uku na gwaji da Hausa ta hanyar Inform 6, harshen rubuta wasannin injin Z. Ana kuma buƙatar ƙaramin allon nuni da madannai domin Pico ya rabu da laftof. An ware naira 20,000, za a tambayi farashi bayan Sallah.